Ranar da Kura Ta Taso Daga Jidda

Salamu alaikum mutanena na amana, matan gida da 'yan matan gida, har da mazan da ke laɓewa suna karantawa su ce wai wayar ƙanwarsu ce. Na gan ku. Taku ce Nuriyya 'yar unguwar Utaibiyya. Wadda ta ɗora tukunya ta rage wuta, don yau zan ba ku labarin yadda kura ta kusa cinye min aure a tsakiyar Makka. Eh, kura na ce. Ku dai biyo ni.

Ga waɗanda yau suka fara ganina: a Makka aka haife ni, amma Babana, Alhaji Maharazu mai shagon akwatuna da dardumai a unguwar Kudai, ya tura ni Kano na yi makaranta shekara shida. A cewarsa ba zai haifi 'yar da zai ce wa "miƙo min buta" ta tsaya tana ce masa "ish?", wato "me?" da Larabci, ba. To wannan Hausar da ya ɗura min da ƙarfin tsiya ita ta samo min aiki a wani ɗan kamfani a unguwar Shisha.

Kun san talabijin ta eriya ko? Ba ruwanta da dish, ka kafa eriya a saman gida ka jona da ɗan akwati, shike nan. A ciki akwai shafin labarai da allon ke rabuwa taga-taga, ka zaɓi wadda kake so da rimot. Tsohon tsarin taga tara ne, kowace kamar akwatin ashana, rubutun kamar tururuwa sun yi layi. Sai aka ba kamfaninmu gwajin sake masa fasali, a kuma sa harsunan alhazai. Muka mayar da shi taga huɗu manya, kowace da maɓallinta mai launi a rimot: ja labarai, kore cunkoson hanyoyin Harami, ɗorawa yanayi, shuɗi lokutan salla. Ni ce mai Hausa. Ni kaɗai. In na yi daidai ba mai yaba min, in na yi shirme ba mai kama ni. Aljannar duniya.

A ofishinmu bangon katako ne ya raba ɓangaren mata da na maza, sai dai waya. Wata rana wayar teburina ta yi ƙara, lamba sha huɗu.

"Ustaza," in ji wata murya da Larabci, "kalmar nan taki ta yi tsawo, ta ƙi shiga taga."

"Ka faɗaɗa tagar," na ce. "Hausa ba ta tsuguno."

Ya yi dariya har sai da na ji ta ta bango, ba ta waya ba.

Rakan ke nan, injiniyan akwatin. Kakan kakansa da ƙafa ya zo aikin Hajji daga Katsina ya zauna. Amma Hausar Rakan, a lokacin, kalma uku ce: sannu, lafiya lau, tuwo. Daga gardamar taga muka koma gardamar komai. Wata takwas lamba sha huɗu tana ƙara, wani lokacin ma ba kalmar da ta yi tsawo, sai ya ce wai yana gwada layi ne. Ƙarshe dai mahaifiyarsa ta kira Ummata, suka yi hirar awa biyu, rabi Larabci rabi dariya.

Umma ta yi wa Baba tuwon shinkafa da miyar kukar da aka aiko mana daga Kano, ta bari sai da ya yi ƙat, sannan ta shigo da zancen. Ni ina kicin na riƙe murfin tukunya kamar garkuwa.

"Yana jin Hausa?" Abin da Baba ya fara tambaya ke nan.

"Yana koyo, Alhaji."

"Hadijatu, ba na ƙin yaron, ban ma san shi ba. Amma ba zan zauna da suruki da tafinta a tsakaninmu ba. Gobe jikokina su zo su zuba min ido kamar na sauko daga jirgi. Kada iyayensa su wahalar da kansu su zo."

To kun ji matsalata. Ba duka ba zagi. Ƙofa ce kawai a rufe, makullin kuma yana aljihun Baba tare da carbinsa.

Ana haka shugabar ɓangarenmu, Ustaza Lujain, ta ce za a kai akwatunan gwaji gidajen Hausawa goma, a ga ko tsofaffi za su iya sarrafa tagogin ba tare da sun kira jikoki ba. "Wa ke da gida—" Ba ta ƙarasa ba hannuna na sama, har abayata ta zame.

Na rubuta wa Rakan: "Kai za ka kawo namu. Baba bai san fuskarka ba. Ka zo a injiniya, ka gaishe shi da Hausa, ka sace zuciyarsa, ka tafi. Kada ka faɗi sunanka."

Ya amsa: "Abshiri, an gama. Na haddace gaisuwa bakwai."

"Biyu sun isa. Kada ka yi zaƙewa."

'Yan haɗin bakina su biyu ne: Umma, da kakata ta wajen uba, Kaka Ɗaso, wadda in ana rabon tsokana ita ke riƙe ludayi.

Asabar bayan Azahar. Jama'a, na yi wanka biyu. Na sa atamfata koriya mai zanen ganye, ɗinkin riga da siket, na kafa ɗauri ya tsaya kamar hasumiya, ga kwalli, ga humra har bayan kunne. Kaka ta dube ni sama da ƙasa.

"Duk wannan don labule?"

"Kaka, labulen ma yana da hakki."

Don gaskiya ne, a bayan labulen da ya raba ɗakin baƙi da falo zan tsaya. Umma ta turara ɗakin, aka jera gahawa da dabino da dambun nama. Kaka ta shige ta zauna a kusurwa da carbinta, ta ce ita tsohuwa ce, ba wanda zai kore ta.

Ya yi sallama. Ta ɗan tsagin labule na hango farar jallabiya ƙal, an goge ta har tana iya yanka tumatir, ga jakar kayan aiki a kafaɗa.

"Ina wuni, ya ammi? Yaya iyali? Yaya kasuwa?" Ya ammi wato baffana, haka ake girmama dattijo a nan.

Baba ya washe baki. "A'a! Samari, ashe namu ne? Lafiya lau, bismillah, shigo."

Zuciyata ta ce: Nuriyya, fara zaɓen kalar anko.

Ya hau saman gida ya juya eriya, ya sauko ya jona wayoyi, ya kunna. Tagogi huɗu suka bayyana tsaf, rubutu manya-manya. Baba ya ɗauko tabarau ya gyara zama. Ya danna kore, ya ga hanyar da ta cushe da wadda ta saki.

"Masha Allah! Inna, kin ga? Kafin mutum ya fita ya san inda zai bi."

Sai ya danna ɗorawa. Ya fara karantawa da ƙarfi, yadda ya saba karanta wa Kaka komai:

"Kura ta taso daga Jidda, za ta iso Makka bayan La'asar. A rufe kofa da taga, yara da tsofaffi su shige daki."



Kaka ta ajiye carbi. "Kura? A ƙasa mai tsarki? Ita ma Umara ta zo?"

Ni kuwa a bayan labule na dafe kai. Ƙura na rubuta. Wallahi ƙura na rubuta, guguwar yashin nan da ke tasowa ta turnuƙe gari. Na san yatsana ya danna ƙ mai ƙugiya.

Baba ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya danna ja.

"Baki dubu uku sun sauka a filin jirgin Jidda." Ya ɗago. "Baki kawai? Ba kai, ba ƙafa?"

"To ai gara a tanadi abinci," in ji Kaka, tana rawar kafaɗa.

Shi kuwa bawan Allah Rakan bai gane me ake ciki ba, ya ga ana murmushi ya ɗauka an ji daɗi. Sai ya matso da ladabi ya nuna maɓallin fita, wanda na sa wa suna Ƙare, ya fito da Hausarsa ta ajiya:

"Ya ammi, in ka gaji, ka danna kare."

"A gidana?" in ji Baba.

Kaka ta kife a kan filo. Ni na cusa gefen mayafina a baki, ban san ko dariya nake dannewa ba ko kuka.

Amma Baba ya daina murmushi. Ya juyo wajen labule. "Nuriyya."

"Na'am, Baba."

"Ke ce mai rubuta Hausar nan?"

"Ni ce."

"Shekara shida a Kano. Wannan za a sa wa alhazai a masaukinsu? Tsohuwa daga ƙauye a karanta mata kura na tafe, ta ƙi fita salla? A ce 'yar wa ta rubuta?"

Na san aikina da ƙugiyoyinsa ya bar hannuna. Na kuma san hannun da ya bi bayan nawa ɗaya ne tak, ga shi can tsugune da rimot. In na faɗa, shike nan, an binne maganar aurena an yi mata addu'a. Sai na haɗiye na ce, "Ka yi haƙuri Baba, kuskurena—"

"La, la, ya ammi." Rakan ya miƙe tsaye. "Ni. Ni ne. Ita ba laifi."

Na rufe ido. Rakan, yi shiru mana!

Ina! Hausa ta ƙare masa ya koma Larabci yana zuba bayani. Wai akwatin bai san haruffan nan masu ƙugiya ba, duk inda suke sai ya nuna ɗan murabba'i fanko. Shi kuma ya ɗauka ƙugiyar ado ce kawai, irin kwalliyar rubutu, sai ya umarci kwamfuta ta mayar da su haruffa na kullum, bai tambayi kowa ba. "Wallahi ya ammi, Nuriyya daidai ta rubuta, Nuriyya ba ta taɓa kuskure a—"

"Wa ya ba ka izinin riƙe sunanta haka?"



Baba ya dube shi daga gogaggiyar jallabiya har zuwa gahawa da dambun naman da ba a taɓa fito wa mai gyaran famfo da su ba. Ya dubi Kaka. Kaka ta kama carbi tana jan sa da sauri kamar ba ta taɓa ganin kowa ba.

"Kai ne Rakan."

"Na'am, ya ammi."

Baba ya jawo takarda, ya rubuta kalma biyu da Larabci ya miƙa masa. "Karanta."

"Galb." Wato zuciya. "Kalb." Wato kare.

"Harafi nawa ne tsakaninsu?"

"Ɗaya."

"Ado ne?"

"A'a, ya ammi."

"To akwatin ya zauna. Asabar mai zuwa ka dawo min da ƙugiyoyina. Sauran magana kuma babu ita."

Ko gahawa bai sha ba ya tafi. Kafin ya kai ƙasan bene saƙo ya shigo: "Ma'alesh ya galbi." Wato yi haƙuri, zuciyata.

Na amsa: "Ba komai ya kalbi."

"Na cancanta."

"Me ya sa ka yi magana? Ai na riga na ɗauke laifin!"

"In bar ki ki sha faɗa a kan aikina? To wane irin miji zan zama?"

Mutanena, na karanta saƙon nan ya fi sau ashirin. Kada ku gaya masa.

Makon nan Rakan ya zama mai zane. Tun da akwatin bai san haruffan ba, sai ya zauna yana gina su ɗigo-ɗigo, manya da ƙanana, yana turo min hoto. Ɗ ɗinsa ta farko kamar ludayin da aka taka. Ɓ kuwa sak mai ciki ta riƙe lema. Na mayar masa sau goma sha ɗaya. Lamba sha huɗu ta yi ƙara har Ustaza Lujain ta ce ko dai a ja mana waya tamu ta daban.

Ɓangaren furuci kuma Kaka ta karɓa. Kullum bayan La'asar sai ta ce in kira mata "angonta", ta sa wayar a lasifika ta miƙe ƙafa.

"Daga maƙogwaro, angona! Kamar ƙashi ya maƙale maka. Ce ƙashi."

"Kashi."

"A'uzubillahi! Muna shan shayi fa!"

"Kaka, me na ce?"

"Ba zan maimaita ba, ina da alwala. Sake!"

Ran Talata ya samu ƙ. Ran Laraba ta gudu. Ran Alhamis ta dawo da ƙarfi har ya fara sa ta inda ba a gayyace ta ba, ya ce wa Kaka "ina ƙwana". Ta ce, "Lafiya ƙalau, ƙaƙa gida?"

Baba kuwa kullum kafin Magariba sai ya danna kore ya duba hanya, har ya gaya wa maƙwabcinsa na shago wai shi yanzu talabijin ke masa jagora. Ran Juma'a Umma ta ja ni kicin ta raɗa min: "Babanki ya tambaye ni, wai da yaron nan ya yi shiru, wa zai sani?"

"Me kika ce?"

"Na ce Allah. Ya ce, to."

"To" ɗin Baba kala tara ne. Umma ma da ta yi shekara talatin da shi ba ta san wanne ne wannan ba.

Asabar ta zo. Wannan karon na ce ba ni ba kwalliya, waccan ba ta amfana min komai ba. Na zura tsohuwar doguwar rigar Umma mai tabon manja a ƙirji, kaina rabi tsefe rabi kitso, na ɗaura ɗankwali ko ta yaya, na ɗauki tiren shayi na tsaya a wurin aikina, bayan labule.

Rakan ya jona kwamfutarsa da akwatin. Allo ya ɗauke ya dawo. Baba ya danna ɗorawa: ƙura ta lafa. Ya danna ja: baƙi sun sauka, da kansu da ƙafafunsu. Ya duba maɓallin fita: Ƙare, ƙugiyarta tsaye kamar ta sha tazarce.

"Hm," in ji Baba. "Ana iya rubuta sabon labari a nan?"

"Na gwaji, ya ammi. A gidan nan kawai zai fito."

"To rubuta. Da kunnenka, ba da na Inna ba."

Wayyo. Shifta! Ba mu shirya wa shifta ba.

"Sanarwa," in ji Baba, yana jan kalmomin a hankali. "Alhaji Maharazu ya buɗe ƙofa."

Ƙas, ƙas, ƙas. Buɗe ta fito da ƙugiyarta. Ƙofa ma haka.

"Yana jiran baƙi ranar Alhamis bayan La'asar."

Baƙi. Ƙugiya. Na saki rabin numfashi.

"Su zo da bakinsu su faɗi abin da ke tafe da su."

Yatsan Rakan ya tsaya a sama. Kun ga tarkon? Yanzu aka ce baƙi, ga kuma bakinsu. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Kaka ta fara wani tari na ƙarya.

"Inna," in ji Baba, "ba satar amsa."

"Ni tsufa ke damuna."

Rakan ya rufe ido, leɓensa na motsi. Ya gwada ta a maƙogwaro, ya gwada ta a baki. Ya danna k. Tsirara, ba ƙugiya.

Baba bai ce daidai ba, bai ce kuskure ba. "Karanta min."

Ya karanta. Duk hankalinsa na kan furuci, kowace ƙ sai ya haƙo ta daga ƙirji kamar mai ɗaga buhu. Ya kai ƙarshe ya tsaya yana haki. Sai ya sake duban allon. Ya ɗan karkata kai.

"Ya ammi... su wa ne baƙin?"

Baba ya ɗauki kofin gahawa ya miƙa masa da hannunsa. "Je ka tambayi mahaifinka. Ka ce masa ya zo da tafinta in yana so. Kai dai ba ka da wannan uzurin, kowace Asabar a nan za ka ci tuwo har sai ka iya gardama da ni."

Na ga lokacin da maganar ta sauka a kansa. Ya ajiye kofin, ya tashi ya sumbaci kan Baba irin tasu ta nan, yana "na gode, na gode, na ƙode!"

Ni kuwa? Na rantse muku na yi niyyar nutsuwa. Amma wata guɗa ta kuɓuce daga maƙogwarona ba da izinina ba, tire ya sulluɓe, kofuna shida suka tarwatse a kan tayil, cokula na rawa.

Baba ya juyo. "Mene ne wannan a bayan labule?"

Kaka ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kurar nan ce. Ta iso daga Jidda."

Baba ya yi dariya har tabaransa ya zame. Da ya natsa ya ce, "To a ce wa kurar ta fito ta gaishe da injiniya. Ai yanzu ya halatta ya ga abin da yake nema."

Na dubi tabon manja. Na taɓa rabin kitsona. Shayi na bin ƙafata, Umma na tura ni ta baya tana "shiga mana!", ɗakina da atamfata koriya kuma suna can ƙarshen falo, taku ashirin.

Ranar da na yi ado labule ne ya gani, ranar da na zama dodo aka ce fito. Ku faɗa min tsakani da Allah, 'yan uwa, da ku ne a bayan labulen nan: ɗaga shi za ku yi ku shiga haka nan da manjanku, ko kuwa Baba da ango su jira?